Ranar Zaɓe 'Yan'uwa, Bayan Zaɓe Baƙi

Jama'a, duk kakar zaɓe 'yan siyasa kan cika Sabon Layi da kasuwar shanu, suna kiran mahauta da 'yan dako "'yan'uwanmu talakawa". Da an rantsar da su, yaranmu suka nemi takardar ɗan asali don neman aiki, sai a ce mu baƙi ne. Amma wajen haraji ba a ware baƙo!

Da Boko Haram ta kama Mubi a 2014, tare muka gudu, tare muka dawo. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya haramta wariya saboda asali.

Don haka duk ɗan takarar da ya kawo shinkafa, mu tambaye shi a bainar jama'a: ina matsayinka kan takardar 'ya'yanmu? Ba amsa, ba ƙuri'a.