Hakaton ba sai a otal ɗin Yamai ba

A zaman da muka yi da iyayen yara watan jiya, na kawo shawarar mu shirya wa ƴan kolej na Bana gasar ƙirƙira ta kwana biyu, irin wadda ƴan jami'a ke kira hakaton. Ban dire ba wani abokin aikina ya tare ni: "Mushe, wuta gare mu ko kwamfuta? Ka bar yara su yi haddar birbe." Aka yi dariya, aka wuce zancen gyaran rufin aji. Ni dai dariyar ba ta sake ni ba har yau.

Sunan na baƙi ne, tun 1999 masu rubuta manhaja suka fara amfani da shi a Kanada da Amurka, amma abin da ke ciki ba baƙo ba ne. A tara matasa huɗu ko biyar, a ɗora musu matsala ta gaske, a yanka musu wa'adi, in ya cika su fito gaban jama'a su nuna abin da suka haɗa, ya yi aiki ko bai yi ba. Duk wanda ya taɓa zuwa gayya a gonar rake ya san rabin wannan.

Abokina yana da gaskiya a wuri ɗaya. Ba a manta da 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kuma ko kafin nan ajinmu bai san fitila ba. Haka kuma yawancin irin waɗannan gasanni a Yamai ake yin su, da Faransanci, ga ƴaƴan da suka tashi da kwamfuta a falo. Hukumar ANSI ta shirya gasarta ta e-Takara, akwai cibiyar CIPMEN da ke renon masu sababbin sana'o'i, an buɗe jami'a a Dosso tun 2014. Madalla. Amma yaron Bana ko Bengu ko Tunuga ta ina zai shiga? Wasu tarukan ma, Allah na tuba, riga da hoto ne kawai: a raba kyauta, a watse, manhajar ta mutu a wayar mai ita.

To sai me? Don an yi abin a birni ba da mu ba, sai mu naɗe hannu mu ce ba namu ba ne? Nan ne na rabu da shi.

Ku dubi yaranmu da kyau. Yarinyar da ke samun uku bisa ashirin a lissafi, ita ce ranar kasuwa take juya naira zuwa sefa da ka, ta cire ladan mai canji, ba ta kuskure ko dala. Yaron da muke kira daƙiƙi, tun da aka rufe gadar Malanbil ya san kuɗin kwalekwale, kuɗin ɗan dako da na kabukabu, ya san inda riba ke zubewa tsakanin gaɓa da gaɓa. Ƙwaƙwalwa tana nan. Mu ne muka ɗaure ta da "ku kwafa, ku haddace, ku maido mini". A makarantar horon malamai an koya mana aikin rukuni, mun rubuta shi a jarrabawa mun ci, muka zo aji muka jera yara suna kallon allo kamar masu jiran mota.

Na gwada da tsofaffin ɗalibaina goma sha biyu da ke zuwa darasin yamma. Wayoyi uku muka ara, muka yi cajinsu da faifan sola na wani mai shago. Na ce kowane rukuni ya nemo abin da ke ci wa gidansu tuwo a ƙwarya. Rukuni ɗaya suka ɗauki farashin rake: manomi na sayarwa a bakin gona bai san nawa ake saye a Gaya ko Kamba ba. Suka tsara jadawali, suka shirya yadda za a riƙa tura farashin da saƙon murya ta WhatsApp, da Hausa da Dandanci, saboda iyayensu ba sa karatu. Rukuni na biyu suka yi faɗa a kan wa zai shugabanta har rana ta faɗi, ba su haɗa komai ba. Washegari da kansu suka raba aiki, suka ba wata yarinya mai shiru riƙon lokaci. Ban san darasin da na taɓa bayarwa da ya koya musu abin da wannan kunyar ta koya musu ba.

Ba na cewa kwana biyu na mai da yaro injiniya. Ƙarya ce, kuma masu tallar abin su daina faɗinta. Rubuta manhaja na son shekaru, da malami, da na'ura. Abin da kwana biyun ke bayarwa daban ne: yaro ya yi tambaya ba tare da tsoron bulala ba, ya saurari na ƙasa da shi, ya cika alkawari kan lokaci, ya tsaya gaban manya ya kare aikinsa. Ku tambayi duk mai ɗaukar ma'aikata, daga mai garejin Gaya har ofis a Yamai, me yake rasawa wurin masu takardar bak.

Iyaye, ku ma da naku. Wayar da kuke ƙwacewa hannun yarinya don kada ta lalace, ita kuke miƙa wa ƙanenta ya kwana yana kallon kokawa. Ku ara mana ita kwana biyu, ku zo ku zauna ku gani da idonku.

A hutun da ke tafe zan sake kawo maganar, kuma wannan karon ba kuɗi zan roƙa ba. Aji ɗaya nake so, da wayoyi shida, da dattawa uku masu yanke hukunci: manomin rake, mai dafa gishirin Foga, da ungozoma. Abokina mai zancen wuta kuwa na riga na rubuta sunansa, shi zai riƙe agogo.