Satar gida: Taɓawar mai tsaron raga ba ta wanke ɗan wasa

A gidajen kallon ƙwallo, daga Maraɗi har Garwa, gardama kan kaure idan mai tsaron raga ya kaɗe ƙwallo, ɗan wasan gaba ya tsinta ya zura, alƙali kuma ya soke. Sai ka ji ana cewa: "Ai daga hannun gola ta fito!"

Doka ta 11 ta hukumar IFAB ta fayyace batun. Ana duba inda ɗan wasa yake tsaye ne a lokacin da abokin wasansa ya buga ƙwallon. In yana satar gida a lokacin, kaɗewar gola ba ta wanke shi, haka ma in ƙwallon ta bugi turke ta dawo. Amma in golan ya samu sarari ya buga ta da gangan, ta faɗa ƙafar abokin hamayya, ci ya tabbata.

Wannan bambanci ne ya hana Benzema ci a wasan ƙarshe na Zakarun Turai, ranar 28 ga Mayun 2022. Golan Liverpool, Alisson, ya fito, ya rage ɗan baya ɗaya kaɗai tsakanin Benzema da raga, alhali doka biyu take nema. Ƙwallon Valverde ta goge Fabinho kafin ta isa gare shi, VAR ta ce tsautsayi ne ba niyya ba.

A filayenmu da babu VAR, alƙali da idonsa kaɗai yake rarrabe wannan. Kafin a yi masa ca, a fara sanin dokar.