Rumbu a buɗe, ba tiya ba mudu

Malam mai kula da uwar na'ura, da kai nake. Kwanan baya na shiga wani ɗakin kwamfuta a nan Yamai, ɗalibai cike, duk a kan uwar na'ura ɗaya mai Linux. Wani yaro ya rubuta ɗan shiri mai haifar kansa ba tsayawa. Kafin ƙiftawar ido komai ya daskare, linzami ya ƙi motsi. Ka ɗaga kai ka ce zafin Afrilu ne, ka zare waya ka mayar. Yarinyar da ke bakin taga ta dafe kai, aikinta tun safe ya bi ruwa.

Sakacinka ne, ka bar ɗora wa rana laifi. Ko mai hatsi a kasuwar Katako ba ta barin kowa ya ɗiba da hannu, tiya take sawa. Kai kuwa ka buɗe rumbu ka tafi shan shayi. Fayil ɗin /etc/security/limits.conf yana nan yadda ya zo, ba ka taɓa shi ba. Layi ɗaya tak, "@dalibai hard nproc 200", da ya tsayar da ɓarnar yaron a asusunsa shi kaɗai. Kuma hard za ka sa, don soft ɗalibi na iya ɗaga ta da kansa. Ka sani kuma fayil ɗin sai wanda ya shiga da sunansa yake kamawa. Ayyukan da systemd ke tayarwa ba ruwansu da shi, nasu ƙa'idojin daban ne.

Sai batun core, wato hoton ƙwaƙwalwar shiri a lokacin da ya faɗi. Nan ma ganganci ka yi: ka sa "ulimit -c unlimited" wai don bincike, binciken da ba ka taɓa yi ba. Gawarwakin core ɗin suna jibge sun cinye faifai. Ka san abin da ke cikinsu? Duk abin da shirin ke riƙe da shi, har kalmomin sirri. A watan Mayun 2025 kamfanin Qualys ya nuna yadda ake bi ta masu tattara core, wato Apport na Ubuntu da systemd-coredump, a kwashe abin da ke /etc/shadow, fayil ɗin kalmomin sirri. Maganin gaggawa da aka bayar shi ne mayar da fs.suid_dumpable zuwa 0. Na tambaye ka ko ka yi, ka ce sai an dawo hutu.