Direban da ya ci amana, a sake ba shi mota?

Yau maganata a kan direbobin manyan motoci ce, masu kawo mana wake da masara da albasa daga arewa zuwa Kasuwar Bodija.

Yawancinsu mutanen kirki ne, duk wanda ya bi hanyar Mokwa zuwa Jebba ya san suna shan wuya. Amma akwai wanda zai sauke buhu biyar a hanya ya ce 'yan fashi ne, ko ya zuƙe man mota ya sayar, ko ya jibga fasinja a saman kaya. Mai mota ya kore shi, bayan sati biyu sai ka gan shi a kan wata tirela. Ɗan kamasho ya sani sarai, amma ya yi gum, wai rufin asiri. To mahaifina da ya zuba jarinsa a kayan fa, shi ba shi da iyali?

A ganina laifi suna suka tara. Wanda ya yi latti, a ja masa kunne a mayar masa da makulli. Wanda ya saci kaya, sai ya biya a gaban shugabannin kasuwa tukuna. Mai tuƙi da ƙwaya kuwa, ba ya sake riƙe sitiyari sai an tabbatar ya daina.

A 2019 gwamna Seyi Makinde ya dakatar da NURTW a jihar Oyo, don haka kada mu jingina da ƙungiya. Dattawanmu na Sabo da masu motoci su buɗe littafi guda, kowa ya duba kafin ya ɗauki direba.