Ƙarin Lokaci: Suna Ɗaya, Abu Biyu

Masu iya magana kan ce, rashin sani ya fi dare duhu. Na ga gaskiyar wannan a wani gidan kallon ƙwallo a Nasarawa Gwom, daren 7 ga Fabrairu, 2024, da Nijeriya ta kara da Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka. An cika minti 90 ana kunnen doki, 1 da 1. Nan take gardama ta kaure. Wani ya ce koci ba shi da sauran damar canja ɗan wasa tunda lokaci ya cika. Wani ya ce a'a, sabon lale ake yi. Duk cikinsu babu mai gaskiya.

Ga abin da doka ta ce. Tun 2020 aka fara barin ƙungiya ta canja 'yan wasa biyar, aka tabbatar da hakan a 2022. Amma sau uku kacal za ta tsayar da wasa don canjin, ban da hutun rabin lokaci. Idan aka shiga ƙarin minti 30, duk canjin da koci bai yi amfani da shi ba yana nan a hannunsa, a kuma ƙara masa damar tsayarwa guda. Gasa ma tana iya ba shi ɗan wasa na shida. A ƙwallon Amurka ba haka ba ne: hutun da koci ya rage ba ya bin sa ƙarin lokaci. A tamu kuwa, wanda ya yi tanadi shi ke cin riba. A daren nan, Terem Moffi da Kelechi Iheanacho daga benci suka taso, kuma dukansu sun ci a bugun daga kai sai mai tsaron gida, aka tashi 4 da 2.

To, 'yan'uwana ɗalibai, ina laifinmu? A ganina rabin gardamar nan ta harshe ce. Mintunan da alƙali ke ƙarawa a ƙarshen kowane rabi, saboda rauni ko ɓata lokaci, "ƙarin lokaci" muke ce musu. Minti 30 na raba gardama ma "ƙarin lokaci". Alhali na farko cikon wasa ne, babu wata sabuwar dama a cikinsa.

Shawarata, mu kira na farko "mintunan ramuwa". Bahaushe ya san ramuwar azumi: abin da ya kuɓuce ake biya. Na biyu mu bar masa sunansa. Wani zai ce ai kowa yana ganewa. Da ana ganewa, da ba a kusa ba hammata iska a daren nan ba. Gobe mu ne a gidajen rediyo da jaridu. Idan ba mu gyara ba, wa zai gyara?

Allah Ya sa mu dace.