Gidan Ɗan Hausa: Sunan Baƙo Ya Rufe Na Masu Gida

Duk wanda ya san unguwar Nasarawa a Kano ya san Gidan Ɗan Hausa, tsohon ginin ƙasar nan mai zane a bango wanda a yau Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ke kula da shi. Gidan ya samo sunansa ne daga Hanns Vischer, Baturen da aka haifa a Basel ta ƙasar Suwizalan a 1876, wanda ya ratso Sahara daga Tarabulus zuwa Borno a 1906. A nan Nasarawa ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da haruffan boko a 1912. Babu shakka rubutun da mai karatu yake gani a wannan shafi yana da tushe a wannan wuri.

Sai dai fa ba Vischer ne ya fara zama a gidan ba. Kafin Turawa su ci Kano a 1903, Nasarawa gandun Sarki ce, kuma wakilin da ke kula da gandun shi ke zaune a wurin. Bayan tafiyar Vischer ma wasu jami'an mulkin mallaka sun zauna a ciki. Abin takaici shi ne, a bakin jama'a sunan baƙo ya rufe na masu gida, ya rufe na maginan da suka kwaɓa ƙasa suka ɗora tubali. Dalili kuwa a fili yake: Bature ya rubuta labarinsa, mu kuwa mun bar namu a bakin tsofaffi, su kuma kullum raguwa suke yi.

Idan haka ta faru a tsakiyar Kano, inda ake da jami'o'i da gidajen tarihi, ina ga garuruwan da rashin tsaro ya ɗaiɗaita? A ƙasar Birnin Gwari 'yan bindigar daji sun shafe shekaru suna tayar da ƙauyuka, kuma duk gidan da ya zama kufai, da tarihinsa yake rushewa. Tsohuwar Birnin Gwari kanta gari ne mai daɗaɗɗen tarihi da ya cancanci a rubuta labarin gidajensa tun dattawan da suka san su suna raye.

Saboda haka muna kira ga masarautu da sassan tarihi da na harsunan Nijeriya a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da su tura ɗalibai unguwa-unguwa, su naɗi muryoyin dattawa, su rubuta wanda ya gina kowane tsohon gida da waɗanda suka gaje shi. Aikin ba ya bukatar kuɗi masu yawa, wayar hannu da littafi sun isa. Jinkiri ne kawai zai sa a makara.