FILIN MANOMA DA MAKIYAYA: Tayar moto wadda za ta yi rani ta yi damina

Ruwa ya kusa sauka. A ƙasar Zabori masu moto sun fara shawarar taya, kamar yadda ake shawarar iri da taki. Tambayar da ta fi yawa a rumfar masu faci ita ce wannan: ko akwai taya guda wadda mutum zai sa, ta yi masa rani, ta yi masa damina, ba sai ya canza ba?

Dole a yi wannan tambaya, domin moto ya zama jakin zamani. A kansa ake ɗauko taki. A kansa ake kai rake da rogo kasuwa. Da shi makiyayi yake kai dusa da gishiri ruga. In naƙuda ta kama mace da tsakar dare, shi ake tadawa a nufi likita. Duk wannan nauyi yana bisa taya biyu, kuma wurin da kowace take taɓa ƙasa bai wuce tafin hannu ba.

Turawa suna da tayar da suke kira ta kowane lokaci. Amma lokutansu dabam ne da na ƙasar nan. Su abin da yake damunsu shi ne sanyi mai tsanani da ƙanƙara mai rufe hanya. Saboda haka suke yin roba mai taushi wadda sanyi ba ya sandarar da ita. Wani lokaci ana ganin haruffa M+S a jikin taya, ko hoton dutse da ƙanƙara cikinsa. Wannan hoton ba ya gaya wa mutumin Zabori komai, domin ƙanƙara ba ta kwana a hanyarsa. Robar da aka yi domin sanyi kuwa, zafin bazara yana cinye ta da wuri.

Haka kuma manyan motocin gudu masu ƙafa biyu, irin waɗanda ake gani jefi-jefi a Yamai. Tayarsu faffaɗa ce, zanenta kaɗan ne, kusan sumul take. An yi ta domin kwalta mai kyau, ta manne da hanya lokacin da moto ya kwanta a kwana. Samari masu dawowa daga ci-rani suna sha'awar irinta, har wasu su nemi mai kama da ita su sa wa nasu. Ado ne kawai. In ta shiga laka, zanenta yana cikewa nan take, ta zama kamar sabulu.

To, mene ne lokutan ƙasar nan? Yankin Gaya ya fi ko'ina samun ruwa a Nijar, kusan milimita 800 a shekara. Cikin watan 7 da watan 8 fadamar Dallol Mawri tana jiƙewa, hanyoyin gona su zama taɓo mai santsi. In ruwa ya ɗauke, rairayi ya kwance, ƙafar gaba ta dinga nutsewa tana wasa. Da kaka akwai kututturen kara da ƙayar aduwa. Da bazara, cikin watan 4 da watan 5, zafi yana wuce digiri 40, kwalta ta yi kamar tanda. Wanda zai je Doso daga Gaya yana da wajen kilomita 150 na kwalta a gabansa. Wanda zai je gona ko ruga kuwa, ko taki ɗaya na kwalta ba zai gani ba.

Tayoyin da suke kasuwa iri uku ne in an dubi zanensu. Akwai mai zane siriri, irin wadda take zuwa da sabon moto, musamman a gaba. Tana da kyau bisa kwalta, ba ta ƙara, ba ta shan mai da yawa, tana daɗewa. Amma ba ta da abin cizon ƙasa. Akwai mai manyan haƙora da fili tsakaninsu. Ita ce sarauniyar taɓo, domin haƙoran suna shiga ƙasa, laka kuma tana fita daga tsakaninsu in ƙafa ta juya. Sai dai bisa kwalta tana girgiza moto, haƙoran suna cinyewa da sauri, kuma in kwalta ta jiƙe ba ta riƙe birki sosai, domin robar da take taɓa hanya kaɗan ce.

Ta uku tana tsakani. Haƙoranta gajeru ne, sun matsu da juna a tsakiya, sun ɗan buɗe a gefe. Cikin laka mai zurfi ba ta kai mai manyan haƙora ba. Bisa kwalta ba ta kai mai siririn zane daɗewa ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Amma ita ce ba ta kunyata mai ita a ko'ina, kuma ga yawancin manoman Zabori, masu zuwa gona yau su je kasuwa gobe, ita ce ta fi dacewa. Wanda gonarsa take cikin fadama, ko makiyayin da ba ya hawa kwalta sai da dalili, shi ya ɗauki mai manyan haƙora. Ɗan kabu-kabu mai yini cikin garin Gaya ya tsaya ga mai siririn zane. Ke nan kowa ya fara ƙidaya hanyoyin da ya fi bi cikin shekara, kafin ya sa hannu aljihu.

Mutane da yawa suna kashe kuɗi ga ƙafar baya, su bar ta gaba ta yi sanƙo, wai ba ta ɗaukar kaya. Kuskure ne babba. In ƙafar baya ta zame, sau da yawa mai tuƙi yana iya gyarawa. In ta gaba ta zame, kafin ya ce me, yana ƙasa, shi da wanda ya goya.

Rubutun da yake jikin taya

Mai kanti zai ce tayarsa ta fi ta kowa. Aikinsa ke nan. Amma taya tana ɗauke da shaidarta a gefenta, da manyan lambobi, kuma wanda ya iya karanta lamba ba ya bukatar a rantse masa.

Lamba ta farko ita ce girma. Za a ga kamar 3.00-17 ko 3.00-18. Ta farkon faɗin taya ne da inci. Ta biyun girman ƙarfen da taya take zaune a kai ne. Moto kamar Bajaj Boxer yana da ƙafa 17. Wasu da yawa daga cikin motocin Sin suna da ƙafa 18. Taya 17 ba ta shiga ƙafa 18, ta 18 kuma ba ta zama bisa ƙafa 17, ko da mai faci ya yi ta duka da guduma. Wasu kamfanoni suna rubuta girman da milimita, kamar 90/90-18 ko 100/90-17. Nan ma lambar ƙarshe ita ce ta ƙafa. Abin da ya fi sauƙi shi ne mutum ya kwafi lambar tsohuwar tayarsa a takarda, ya tafi da ita kasuwa. Kada a ƙara faɗi fiye da yadda aka ƙera moto, domin taya mai faɗi tana goga sarƙa, kuma ba ta zama daidai bisa siririn ƙarfe.

Lamba ta biyu ita ce ta ƙarfi. Za a ga 4PR ko 6PR. Ba ƙidayar zaren da yake ciki ba ce daidai, alama ce ta ƙarfin jikin taya. Mai 6 ta fi mai 4 kauri da jure kaya, ƙaya ma ba ta huda ta da sauƙi. Kusa da ita akwai wata lamba da harafi, kamar 47P ko 52P. Lambar tana nuna iyakar nauyin da tayar take iya ɗauka. 41 kilo 145 ne. 47 kilo 175 ne. 50 kilo 190 ne. 52 kilo 200 ne. Harafin kuwa na gudu ne. P yana nufin kilomita 150 a awa, gudun da ƙaramin moto ba ya kaiwa, saboda haka kada ya dami kowa.

A yi lissafi. In ta gaba 41 ce, ta baya 47, duka biyu suna ɗaukar kilo 320. Moto kansa ya wuce kilo 100. Mai tuƙi, a ce kilo 70. In ya ɗora buhun hatsi guda mai kilo 100, an kai 270, kuma mafi yawansa yana bisa ƙafar baya. In ya ƙara buhu na biyu, an kai 370. An wuce iyaka da kilo 50. Taya ba ta fashewa ranar farko. Zafi take yi, zarenta yana rabuwa a ɓoye, sai wata rana bisa gudu ta saki. Mai ɗaukar kaya ya nemi mai 6PR a baya. Buhu na biyu kuwa na amalanke ne.

Lamba ta uku ita ce wadda masu kanti ba su cika nunawa ba: ranar haihuwar taya. Lambobi huɗu ne cikin ɗan zobe mai kamar ƙwai, sau da yawa bayan haruffan DOT. Biyu na farko mako ne, biyu na ƙarshe shekara. In an ga 2423, an yi tayar cikin mako na 24 na shekarar 2023. Tun shekarar 2000 ake rubuta ta haka. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Tana bushewa, ta yi tauri, ta tsattsage a gefe. Kamfanin Michelin yana cewa in taya ta shekara 5 a dinga duba ta kowace shekara, in ta shekara 10 a cire ta ko da zanenta bai cinye ba. Ga zafin ƙasar nan, bai kamata mutum ya biya kuɗin sabuwa ga tayar da ta riga ta shekara huɗu ko biyar a kanti ba.

Wannan magana tana da nauyi a bakin iyaka. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙera taya a Legas a 2008. Yawancin tayoyin moto daga Sin da Indiya da sauran ƙasashen Asiya suke zuwa, su yi wata da watanni cikin jirgin ruwa da sito da kamiyo, kafin su iso kasuwa irin ta Gaya ko Kamba. Daga nan a rataye su bakin kanti, rana tana dukansu, wani lokaci kusa da jarkokin fetur. Rana da fetur da baƙin mai duk maƙiyan roba ne. A kware ledar da aka naɗe taya da ita, a duba lamba, a lanƙwasa gefenta da hannu. In ƙananan tsaga sun bayyana, a mayar wa mai ita.

Tsohuwar taya da ake kawowa daga waje, wadda ake kira ta hannu, tana da araha. A ce sabuwa jika 10 ce ta yi shekara, ta hannu kuma jika 5 ta yi wata 3. Cikin shekara mai sayen ta hannu ya kashe jika 20, ban da kuɗin faci da yinin da ya ɓata yana tura moto. Araha ba ta ado.

Akwai kuma ɗan mashi da aka zana a gefen taya da yawa. Yana nuna inda za ta juya in moto yana tafiya gaba. In an sa ta a juye, zanen ba ya korar ruwa yadda ya kamata. Mai moto ya tsaya a kan mai faci har ya gama, ya ga mashin da idonsa. In ƙafar mai wayoyi ce, sai da shambur, watau robar ciki wadda mutanen Najeriya suke kira tub, ko da an rubuta TUBELESS a jikin taya, domin iska tana bin ramukan wayoyi ta fita. Sabuwar taya tana son sabon shambur. Tsohon da ya sha faci goma ya riga ya miƙe, zai naɗe a ciki ya fashe.

Iska

Ko wace taya aka saya, iska ce take raya ta. Masu faci da yawa suna awo da yatsa ko da dukan ƙarfe, alhali ɗan ma'aunin iska ba shi da tsada. Ga ƙaramin moto irin Boxer, awon gaba wajen 25 ne, na baya wajen 28, in akwai goyo ko kaya a kai shi 32. Sauran motoci a duba takardarsu ko rubutun da yake jikinsu. Da safe ake awo, kafin a hau. In an yi tafiya taya ta yi zafi, awo yana hawa da kansa, kada a rage, zai sauka in ta huce.

Cikin rairayi mai yawa, rage iska kaɗan yana taimako, domin taya tana shimfiɗuwa ba ta nutsewa. Kaɗan aka ce. In ta yi laushi da yawa, dutse ko saiwa yana matse shambur da ƙarfe ya yanke shi, ko taya ta zame bisa ƙarfe ta tsinke bakin iska. Da an hau tsandauri ko kwalta a mayar da iskar, balle in da kaya.

Sabuwar taya tana da santsi a fuskarta. Kilomita 100 na farko a bi a hankali, ban da kwanciya a kwana, ban da taka birki da ƙarfi. Shi ya sa ya fi kyau a canza yanzu, tun hanya tana bushe, ta goge kafin ruwan watan 7. Wadda take bisa moto kuma a duba ta. Cikin ramin zanenta akwai ɗan tudu, a gefe daidai da shi an rubuta TWI ko an sa ƙaramar alama mai kusurwa uku. In fuskar taya ta cinye har ta yi daidai da tudun nan, aikinta ya ƙare, ko da ba ta taɓa yin faci ba.

Wata mai zuwa, in Allah ya yarda, wannan fili zai yi magana bisa birki da sarƙa cikin damina.